Muntaka Mai Gadin Kufai

Muntaka taubashina ne. Ubansa, Kawu Ilya, wan uwata ne ciki ɗaya, saboda haka tun muna yawo ba wando nake da izinin zaginsa, shi kuwa ba shi da izinin fushi. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta ya ce Raliatou ba ta da kara. Ina da kara, amma ba a kan Muntaka ba.

A shekara ta 2000 ya iso Paris da sunan karatun tarihi. Ni na riga shi zuwa da shekara biyu, ina kitso a wani shago a Château Rouge, unguwar da in ka rufe ido ka shaƙi iska sai ka rantse a kasuwar Damagaram kake. Karatun bai yi nisa ba. Ya yi shekara guda da rabi yana kai da kawo da jaka a kafaɗa, daga nan ya samu aiki a wani gidan ajiye kayan tarihi, irin wanda a nan ake ce wa mize. Mutanen gida ya faɗa musu shi jami'in adana tarihi ne. Ni kuwa na je na gani da idona. Kujera ce ɗaya a kusurwar ɗaki, da baƙar kwat, da magana guda da yake maimaitawa daga safe har yamma. In mutum ya matsa kusa da zane, sai Muntaka ya miƙe, ya ɗaga yatsa, ya ce, "On ne touche pas." Wato kar a taɓa. Aikin ke nan. Da aku aka ɗauka ma zai iya, kuma shi ba zai nemi hutu ba.

Ɗakin da aka ba shi gadi cike yake da manyan zane-zanen fenti, masu shekara ɗari biyu da ɗoriya, kowanne an kewaye shi da katako mai ruwan zinariya. To me aka zana? Kufai, wallahi. Gine-ginen dutse da suka rushe, ginshiƙai sun karye sun kwanta, itatuwa sun tsiro a kan rufi, saiwoyi sun tsaga bango, ciyawa ta cinye matakala. Can ƙasa kuma sai ka ga 'yan mutane ƙanana, mata suna wanki suna shanya a jikin ginin, wani makiyayi da awakinsa, kare a kwance. Zane goma sha huɗu ne a ɗakin, babu ɗaya mai rufi lafiyayye.

Da fari shi ma dariya yake yi. Ranar da na fara zuwa ya jawo ni gefe, yana toshe baki.

"Raliatou, zo ki ga ikon Allah. Mutanen nan layi suke yi cikin sanyi don su kalli kango. Da sun zo Birnin Damagaram bayan damina ai da sun gani kyauta, har da kunama a ba su gyara."

Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kullum masu yi wa baƙi bayani sukan tsaya a gabansa da ayarin 'yan yawon buɗe ido, suna faɗin magana iri ɗaya: wai zamani ya fi kowane magini ƙarfi, wai itace ya fi sarki haƙuri, wai kyan gini ba ya cika sai ɗan Adam ya ɗauke hannunsa ya bar shi da ruwa da iska. Sau takwas a wuni yake jin wannan, har shekara uku. Ko dutse ne ai ya jiƙa. Sannan akwai masu kula da lafiyar zane-zanen, masu farin safar hannu, waɗanda suka koya masa cewa babu babban laifi kamar a shafa sabon fenti a kan aikin gwani. Wannan kam gaskiya suka faɗa, a kan kayansu.

Sai Muntaka ya fara wa'azi. Duk Lahadi mukan haɗu, mu 'yan Nijar, a gidan abincin Hajiya Fatou, mu ci tuwo mu ji labarin gida. Mutum yana tsakiyar loma sai ya ji Muntaka yana bayanin yadda reshe ke rungumar bango. Rannan Alhaji Moctar, wani Bamaraɗe mai shigo da atamfa, ya gaji. Ya suɗe yatsunsa, ya dube shi.

"Malam Muntaka, a garinmu in itace ya tsiro a kan soro, ba a cewa ya yi kyau. Tambaya ake yi ko magajin gidan ya mutu ne, ko lalacewa ya yi."

Aka kwashe da dariya. Muntaka ya girgiza kai irin na mai tausayin jahilai, ya ce ido ma sai an koya masa gani.

Yanzu bari in faɗa muku ɗan wane ne mai wannan magana. Kawu Ilya magini ne, ubansa ma magini. Zaurensa yana bakin hanya a cikin Birnin Damagaram, kuma da shi ake kwatance. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa, ka miƙe sai ka kai zauren Ilya Magini, sannan ka yi dama. Fuskar zauren duk ado ne na ƙasa da ya fitar da hannunsa: dagi, takobi, tauraro, wata shekarar har da keke. Na ce wata shekarar, don ba ya barin ado ɗaya ya kwana biyu. Da zarar shamuwa ta iso, alamar damina ta kusa, sai ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya hau soro ya share indararo, ya tumɓuke duk abin da ya tsiro, sannan ya yaɓe fuskar zauren gaba ɗaya ya sake sabon ado a kai. Ni da nake kitso na fi kowa gane wannan. Ginin ƙasa da kitso halinsu ɗaya, in ba a sake su ba sai su kunce da kansu.

A cikin zauren nan na koyi cin goro. Kawu yakan zauna a kan buzunsa daga hagun ƙofa, ya gutsuro mini ɗan kaɗan, ya ce kar in faɗa wa uwata.

Allah ya yi masa rasuwa cikin sanyin 2004. Daga ni har Muntaka ba mu samu zuwa ba sai watan Mayu na shekarar da ta biyo, muka tafi tare. Washegarin isowarmu da safe muka tarar da tulin ƙasa a ƙofar gida, an kwaɓa, tana tashin wari irin nata. Dattawa uku ne a kai, abokan aikin Kawu, babbansu Baba Hassoumi. Babu wanda ya kira su. Sun ga shamuwa ta zo, mai zauren ba ya nan, suka ɗauko kayan aikinsu don zumunci.

Bayan an gaisa, an yi gaisuwar rashi, Muntaka ya nuna ƙasar.

"Baba, wannan fa?"

"Yaɓe ne, ɗana, kamar kullum. Ruwa ya kusa."

"A kan hannun babana?"

Ya ja ni zuwa jikin bangon. Ya nuna mini gefen dagin, inda yatsun Kawu huɗu suka bi ta kan ɗanyar ƙasa suka bar sawu, har da ɗan yatsansa da ya karye tun yana saurayi, wanda ba ya miƙewa. Ya ɗora nasa yatsun kusa da su, bai taɓa ba. Hawaye yake yi na gaske, ba na wasan kwaikwayo ba. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma sai da na ja gyale na rufe fuska.

"Wannan ne aikinsa na ƙarshe," in ji shi. "In kuka shafe shi, ina zan sake ganinsa?"

Baba Hassoumi ya yi magana a hankali. "Ai ƙarƙashinsa akwai na bara. Ƙarƙashin na bara akwai na bara waccan, can ciki akwai na kakanka. Duk suna nan, su ke riƙe da juna. Haka ake yi."

"Haka kuke yi, shi ya sa ba mu da tarihi," in ji Muntaka. "Kar a taɓa."

Kai, jama'a! Tsohon da ya ɗora tubali tun kafin a haifi uwarka, shi kake faɗa wa ba shi da tarihi. Dattawan suka dubi juna. Suka wanke hannu da ƙafa, suka saɓa fartanyoyinsu, suka tafi. Zauren uba na babban ɗa ne, in ya yi magana ta zauna. Ƙanwarsa Turai, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da uwarsu, ba ta isa ta ja da yayanta a gaban mutane ba. Ita kuwa uwar, Inna Hassia, Muntaka ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta kira shi ta yi masa faɗa. Tana daga cikin ɗaki tana jin komai, abin da ta yi kawai shi ne ta saki labule.

Da la'asar aka yi na biyu. Turai ta ɗauko gora doguwa tana zungurar wani abu a bakin indararo. Tsiron cediya ne, tsuntsu ya kai irinsa can, tsawonsa bai kai taƙi ba, ganyensa huɗu. Muntaka ya fito da gudu ya riƙe gorar.

"Ke! Kin san abin da za ki ɓata kuwa?"

"Ciyawa ce, Yaya."

Ya ja da baya, ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya yadda ya ga Turawa na yi a ɗakinsa. Ya ce irin wannan ne manyan masu zane suka yi tafiyar watanni suna nema. Ya ɗauki hoton tsiron har sau shida.

Kafin mu baro garin ya sayo igiya a kasuwa, ya kafa turaku biyu a gaban zauren, ya ɗaura ta daga wannan zuwa wancan, don kada masu wucewa su jingina da bangon. Maƙwabta suka ɗauka raguna zai kawo. Da suka ji dalili, sai suka riƙa kewayewa suna kallon juna. Awaki kuwa, da yake ba su je Faransa ba, ta ƙarƙashi suke bi.

Muka dawo Paris. Muntaka ya shiga rubuta takardu zuwa ƙungiyoyin kare kayan tarihi, yana neman a turo ƙwararru su zo su adana zauren yadda ya dace, ba da ƙasa da kashin jaki ba. Suna ba shi amsa mai daɗi a kan takarda mai kauri, suna cewa ana duba lamarin. Yana tara amsoshin cikin jaka ta musamman. Ya ce ba zai koma gida ba sai da ƙwararru a bayansa, don Baba Hassoumi ya ga yadda ake aiki.

Damina kuwa ba ta karanta takarda. Shekarar farko Turai ta buga waya ta ce zanko ɗaya na kusurwar soron ya faɗi. Ya ce kar a taɓa. Shekara ta biyu ta ce indararo ya toshe, ruwa yana kwana a kan soro. Ya ce kar a taɓa, ƙwararru na hanya. Ta uku, ina zaune kusa da shi a wurin Hajiya Fatou, na ji muryarta ta cikin waya.

"Yaya, saiwa ta leƙo ta tsakanin azara, daidai inda babanmu ke zama. Don Allah ka bari a kira Baba Hassoumi."

Kun san abin da ya ce? Ya ce, "Ki samu mai hoto ya ɗauka mini."

Na ce masa, "Muntaka, kai fa ba ka da lafiya. Kujerar nan ta danne maka wata jijiya."

Ya ce, "Baiwata, ki tsaya a kan gashi, shi kika sani."

Daga nan Turai ta daina ambaton zauren. In ya tambaya sai ta ce lafiya lau, kowa na gaishe shi. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin nasara. Har ya ce mini, kin gani, gini ya samu natsuwa tun da aka daina damunsa.

A 2008 na koma Lyon na buɗe shagon kitso nawa na kaina a Guillotière. A can nake, cikin Agustan 2009, uwata ta kira ni. Ta ce an yi ruwa kwana uku a jere, ranar Alhamis bayan la'asar zauren wanta ya zube. Babu wanda ya ji ciwo sai wata akuya da ta karye a ƙafa. Ta yi kuka, na yi kuka. Sannan ta ce an yi shawara, kar a faɗa wa Muntaka. Ba a aika wa na nesa mugun labari, sai ya zo ya gani a cikin 'yan'uwa. Na yi shiru kamar yadda aka ce. Amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, ba al'ada kaɗai ta rufe mini baki ba. Haushinsa nake ji, har ba na son in sauƙaƙa masa.

Shi kuwa a lokacin ya yi sabuwar ƙawa. Wata mata ce mai zane, 'yar Lyon, mai furfura da ƙaton tabarau, wadda ta samu izini tana zuwa ɗakin da yake gadi da allonta tana kwaikwayon zane-zanen kufan nan don ta gane dabararsu. Mako shida ta yi a gabansa. Ina Muntaka zai iya haƙuri? Ya zaro hoton tsiro mai ganye huɗu ya nuna mata. Ya ce a garinsu akwai gini irin wannan, na ubansa, kuma shi da kansa ya hana a taɓa shi. Matar ta ce sai ta gani. Ya ba ta lambar Turai, ya ƙara da cewa ko ba lamba ma, in ta ce zauren Ilya Magini, makaho ma zai kai ta.

Ta tafi cikin sanyin farkon 2010. Turai ta karɓe ta kamar yadda ake karɓar baƙo, ta shimfiɗa mata tabarma a bakin hanya, tana kai mata fura, kwana tara matar tana zane. Ita matar ta ɗauka Muntaka ya san halin da ake ciki, tunda shi ya aiko ta. Turai kuma ba ta jin Faransanci sosai, kuma ko da tana ji, ba ta bakin baƙuwa za ta aika wa yayanta saƙo ba. Da matar ta dawo sai ta aiko masa da kati: "Ya fi yadda ka faɗa kyau nesa ba kusa ba. Ban taɓa komai ba. Sai ka zo buɗe baje kolin." An ce mini sai da kowa ya karanta katin nan a wurin Hajiya Fatou, har waɗanda ba su iya karatu ba.

Watan Afrilu na 2011 aka yi bikin, wata Asabar da rana, a wani ƙaramin ɗakin baje zane a kan tudun Croix-Rousse, nan cikin Lyon. Muntaka ya kira ni tun ana saura mako.

"Baiwata, ki shirya tarbar ubangidanki. Za ki ga yadda ake girmama masu ilimi."

Na tare shi a tashar jirgin ƙasa. Babbar riga ce ta shadda fara sol, tana ƙara in ya motsa, da hula sabuwa. Muka kama hawan matakalan tudun nan da ba sa ƙarewa, yana haki yana tattare riga, yana bitar jawabin da zai yi. Na san abin da ke jiransa a sama. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe. A tsakiyar hanya na ce masa mu zauna mu huta, ya ce ba a sa manyan mutane jira.

Ɗakin cike yake da Turawa, kowa da kofi a hannu. Zanen yana bangon ƙarshe, girmansa ya kai ƙofa biyu. Matar ta iya aikinta, ba zan rage mata ba. Rufin zauren babu shi, sai sama. Cediya tana tsaye a inda rufin ya zube, ta yi rassa, saiwoyinta sun sauko sun damƙi abin da ya rage na bango. Azara sun fito waje kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Tumfafiya ta tsiro a bakin ƙofa. Akuya tana tsaye a kan tulin ƙasa, daga hagu, inda buzun Kawu yake. Daga duk adon fuskar zauren, abin da ya saura bai fi faɗin faifai ba, gefen dagi ne, ruwa ya cinye rabinsa. Igiyar Muntaka kuwa tana nan daram a kan turakunta. Can ƙasa a kusurwa, ga wata 'yar ƙaramar mace ta juya baya, tana shanya wanki a kan igiyar. Ko daga bayan na san Turai ce.

Sak irin na ɗakinsa. Babu abin da aka rage, har matar mai wanki.

Muntaka ya tsaya. Shaddar ta daina ƙara. Na ga leɓensa yana motsi, ban ji abin da yake cewa ba. Kafin ya dawo cikin hankalinsa mai zanen ta hango shi, ta zo da murna ta kama hannunsa, ta buga cokali a jikin kofi don a yi shiru.

"Ga mutumin da ya kamata ku gode wa," in ji ta. "Gidan ubansa ne. An so a gyara, shi ya hana. Ba don shi ba, da wannan kyan bai samu ba."

Suka tafa masa. Wallahi tafi suka yi, mai tsawo, wata tsohuwa har da share ƙwalla. Wani dogo mai gyale a wuya ya matso ya tambaye shi, cikin girmamawa, ƙarni nawa ginin ya ɗauka kafin ya kai haka.

Muntaka ya ce, "Shekara huɗu."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne.

Sai Muntaka ya taka zuwa gaban zanen, ya miƙa hannu wajen ɗan guntun dagin nan, yana neman sawun yatsu. Babu su, mai zanen ba ta san da su ba, wataƙila ma ruwa ya riga ta. Yatsansa ya kusa kai wa ga fentin ke nan, wata mata mai baƙar kwat ta taso daga kujerarta a kusurwa, ta ɗaga yatsa.

"Monsieur, on ne touche pas."

Ya janye hannun da sauri, har da ba ta haƙuri. Shekara goma yana aikin, ya san tana da gaskiya.

Muka fito. Ya zauna a kan matakala da farar shaddarsa, inda karnukan unguwa ke wucewa, ya ciro waya ya kira Turai. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaushe?"

"Damina biyu ke nan, Yaya."

"Me ya sa ba ku yi wani abu ba?"

"Ka ce kar a taɓa. Ba mu taɓa ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Sai muka ji wata murya daga nesa, ta Inna Hassia, ba da shi take magana ba, da Turai take, yadda ta saba.

"Ki faɗa wa mutumin Faransa, mai zauren shekara arba'in yana shafe aikin hannunsa da hannunsa, bai taɓa kuka a kai ba. Ba ado ya bar masa ba, aiki ya bar masa."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa aika masa tun da ta haife shi. Ya kashe wayar, ya juyo ya dube ni.

"Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Na jira ya zage ni, don ranar kam ya samu izini. Bai zage ni ba. Ni da na yi shekara biyu ina tanadin dariyar da zan yi masa a wannan rana, na neme ta na rasa. Na zauna kusa da shi, muka yi ta kallon rufin gidajen Lyon, jajaye, kowanne lafiya lau, don masu su suna hawa suna gyarawa.

Da ya koma Paris ya roƙi shugabansa a canza masa ɗaki. Aka mayar da shi wajen tsofaffin cokula da faranti, can yake har yau, kuma ban sake jin ya yi wa kowa wa'azi a kan tuwo ba. Jakar amsoshin ƙwararru ban san inda ya kai ta ba.

Shekarar da ta biyo ya tafi gida shi kaɗai, da niyyar ya durƙusa a gaban Baba Hassoumi, a sare cediyar, a tayar da zauren. Baba Hassoumi ya rasu wata biyar kafin zuwansa. Cediyar kuma ba ta saruwa, don dattawan unguwa sun mayar da gindinta wurin zama, har liman yana shan iska a nan. Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya fi ci masa rai tun a tasha ya same shi, kuma da bakinsa ya ba ni labari, wanda ya nuna ya fara warkewa.

Ya sauka daga mota, ya kira ɗan kabu-kabu mai babur, wani magidanci mai 'yar furfura a gemu, ya ce a kai shi Birni, zauren Ilya Magini. Mutumin ya yi tunani, ya ce shi shekara uku ke nan da zuwansa garin, bai san wurin ba. Muntaka ya shiga kwatance: bayan masallaci, kusa da mai gyaran keke, inda hanya ta rabu biyu, akwai wata cediya.

"Af!" in ji mutumin. "Ka ce mini kangon Muntaka mana. Ai kowa ya san nan. Wani ne can a Turai, an ce ubansa ya mutu ya bar masa gida, ya sa aka ɗaura igiya. Hau mu tafi, Alhaji. Kai baƙonsu ne?"

Muntaka ya ɗora jakarsa a kan cinya, ya hau.

Ya ce, "E, baƙo ne."